Shalelen Yaya

Yaya ya shigo shagona da hantsi, rungume da tawul kamar wanda ya ɗauko jariri daga asibiti. Ko gaisuwata bai amsa ba. Ya ture rediyon da nake gyarawa gefe, ya shimfiɗa tawul ɗin a kan teburin aikina, ya buɗe.

"Auta, duba min shi. Muryarsa ta dushe."

Shalele ne. Haka 'ya'yansa suka raɗa wa fedar jitarsa, don sun ce ko su ba a lallaɓa su haka. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba, kore, fentinsa ya goge a inda takalmi ke takawa. Ana jona shi tsakanin jita da lasifika. In ka taka shi, muryar jitar sai ta yi kauri, ta ɗan yi gurnani, ta daɗe tana jan numfashi kafin ta mutu. Yana da kawuna uku da ake murɗawa: na ƙarfi, na gurnani, da na kaifin sauti. Wani tsoho ne a wata ƙasa mai nisa ya riƙa haɗa irinsa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, har ya gaji ya daina. Tun ina makaranta Yaya ya sayar da babur ɗinsa ya saye shi, ya koma zuwa aiki da ƙafa, Mama tana cewa ta haifi mahaukaci. Yau kuɗinsa ya kai na mota, masu nema kuma ba sa barin wayar Yaya ta huta.

Ni mai gyaran rediyo da lasifika ce, shagon ma na Baba ne na gada, kuma ban cika yarda da tatsuniyar makaɗa ba. Rabin abin da suke kira sirri, waya ce da dalma. Amma Shalele ya sha ƙaryata ni. Na taɓa haɗa kwaikwayonsa da kintace don in kunyata Yaya, ya juya baya, na kaɗa masa biyun, kafin sautin ya gama fita ya ce, "Na farkon naki ne. Kai shi bola." Kunnen Yaya ke nan a da.

Na sa wa fedar sabon batir, na bi ta da mita, komai lafiya lau. Na jona ta da tsohuwar jitar da nake gwaji da ita. Kafin in kaɗa, idona ya sauka a kan abin murɗa kaifin sauti. Shekara da shekaru akwai ɗigon jan farce da matarsa ta ɗiga masa a tsakiya, nan kibiyar ke tsayawa, wanda ya gusar da ita kuwa ya shiga uku. Yanzu an murɗe shi har ƙarshe. Na mayar da shi kan ɗigon, na taɓa tsirkiya ɗaya.

Ban iya kiɗa ba, yatsuna na riƙon ƙarfen dalma ne. Duk da haka sautin ya cika shagon, mai ɗumi, mai laushi, da ɗan ƙaiƙayi a gefensa. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya tsayar da kekensa yana saurare.

"Kin ji ko?" in ji Yaya. "Kamar an lulluɓe shi da bargo."

Ba yau na fara gani ba. Talabijin ɗin gidansa har bakin titi ake jin ta. In kana masa magana, bakinka yake kallo, ba idonka ba. Yana faɗa da yara wai sun koyi magana ciki-ciki. Duk mun sani, duk mun yi gum, kowa yana jiran wani ya fara. Ga shi yanzu an bar jaki ana dukan taiki, ni kuma aka miƙo wa sandar.

"Zan ƙara dubawa," na ce masa. Tsoro ne kawai, ba wani abin dubawa.

"Ba yau ba, muna da gwajin kiɗa da yamma." Ya murɗe kaifin har ƙarshe, ya naɗe abinsa ya fita.

Bai daɗe da tafiya ba shugaban makaɗan otal ɗin da Yaya ke aiki ya kira ni. Ya ce don Allah in zo gwajin in ji da kunnena.

Na tarar da zauren babu baƙi, kujeru a kife a kan tebura, ma'aikata suna goge kofuna. Yaya yana gefen hagu na dandamali, ido a rufe. Da aka zo wurinsa ya taka Shalele, sai na ji kamar an soka min allura a kunne. Mawaƙiyar ta matsa can gefe tana yatsine fuska. Wata mai goge kofi ta ajiye tsummanta ta shige ciki. Mai kula da sauti ya rage shi a ɓoye daga teburinsa, Yaya ya sunkuya ya ƙara daga lasifikarsa. Abin da ya fi ci min rai shi ne yatsunsa. Suna nan yadda suke, ba kuskure ko ɗaya, suna tafiya a kan tsirkiya kamar ruwa. Babu wanda ya kai shi a zauren nan, kuma babu wanda zai iya zama ya saurare shi.

Shugaban ya ja ni bayan ƙofa.

"Ƙanwata, manaja ya yi magana, ya sake yi. Baƙi sun daina zama a teburan gaba. Ya ce in abin bai gyaru ba wannan makon, zai kawo wani."

"To ku gaya masa mana."

"Shi ya koya min riƙe jita. Da wane baki zan ce masa kunnensa ya tafi? Ke ce jininsa."

Kowa jininsa ne in ana rabon daɗi, amma da aka zo ɗaukar gawa, ni kaɗai ce 'yar'uwa. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan sauke wa.

A hanyar komawa na biya gidansa. Matar Yaya tana guga, ta kashe dutsen ta zauna. Ta ce ta je ta tambayi likita ba da saninsa ba. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma akwai na'urar da ake saƙalawa a kunne, mai kyan tana da tsada, kuma wasu makaɗa suna ci gaba da aiki da ita.

"In ya yarda ya sayar da Shalele, an gama," ta ce. "Akwai wanda ke binsa tun bara. Ki lallaɓa shi, Auta. Ni in na fara sai ya ce na gaji da shi ne."

Washegari ya dawo shagon. Na bari ya zauna, na zagayo gabansa don ya ga bakina, na yi magana a hankali.

"Yaya, babu abin da ya sami Shalele. Na auna, na saurara, ƙalau yake. Mu je a duba kunnenka."

Ya maimaita kalmar.

"Kunnena."

"Eh, Yaya."

"Wannan kunnen da kike zagi, shi ya riƙe shagon nan bayan rasuwar Baba har kika girma kika same shi."

"Ba zagi ba ne. Na sani, ban manta ba."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni nake taka abin nan kullum. Wani abu ya mutu a cikinsa, mitarki ce ba ta gani."

Ya ɗauki sukundireba daga teburina, ya kwance murfin ƙasan. Na riga na san abin da ke ciki. Tsohon da ya haɗa shi ya zuba wa kayan cikin baƙin danƙo, ya daskare kamar dutse, don kada wani ya ga yadda ya tsara su ya kwaikwaya. Wayoyi kawai ke leƙowa daga gefe. Wannan danƙon shi ne shaidar cewa na asali ne. Masu saye shi suke fara dubawa, in an ko karce shi, farashin ya zube.

"Fasa," ya ce.

"Ba zan fasa ba. In na taɓa danƙon nan, babu mai sayensa kuma, ba lallai ma ya sake magana ba."

"Wa ya ce miki na sayarwa ne?"

"Yaya, da kuɗinsa za a iya..."

"Kun yi shawara ke nan, ke da ita."

Ya miƙa hannu ya ɗauko guduma, ya kafa bakin sukundireba a tsakiyar danƙon.

"In ba za ki buɗe ba, ni zan buɗe."

Gaba kura, baya sayaki. In ya buga, bugu ɗaya ya raba allon biyu. In ni na yi, ko ba komai zan bi a hankali, ya ga cikin da idonsa, ya ga babu abin da ya ƙone, wataƙila ya haƙura. Da wannan na yaudari kaina. Na karɓe gudumar, na jawo fitila kusa.

Na riƙa busa wa danƙon iska mai zafi har ya ɗan saki, ina ɓantararsa da bakin ƙaramar wuƙa. Warinsa ya cika shagon. Yaya yana tsaye a kaina, numfashinsa a wuyana. Kayan suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya, tsaf, babu ƙuna, babu tsatsa. Tsohon ya kankare lambobin jikinsu kaf, ko da na gan su ban san awonsu ba. Duk ɓantarar da na yi, ina jin kamar daga kunnen Yaya nake cirewa, don da kowace gutsure na'urar nan ta likita tana ƙara nisa.

"Ka gani, Yaya? Lafiyarsu ƙalau."

"Ci gaba. Can ƙasa."

Na ci gaba. Wani dunƙulen danƙo ya taso, ya taso da wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, ya karye biyu a bakin wuƙata. Daga inda yake zaune na gane aikinsa. Shi ne ke goge tsinin sautin kafin ya fita, shi ne laushin nan da tela ya tsayar da kekensa dominsa.

"Na karya wani abu," na ce.

Bai ji ba, bakina yana ƙasa. Ya ce, "Jona mu ji."

Na jona. Ya rataya tsohuwar jitar gwajina, ya taka, ya kaɗa.

Abin da ya fito ba shi da maraba da ƙarar injin yankan ƙarfe. Haƙorana suka yi tsami. Tela ya buga bangon da ke tsakaninmu yana tambaya ko lafiya. Na ɗago don in ba Yaya haƙuri, in ce zan nemo wani in gwada, in yi ta gwadawa har in dace.

Na tarar da shi yana murmushi. Idonsa ya ciko da ƙwalla. Ya sake kaɗawa, ya ja tsirkiyar sama, ya karkata kai yana bin sautin har ya mutu, kamar yadda yake yi tun ina yarinya.

"Ya dawo," ya ce a hankali. "Auta, ya dawo. Ban ce miki ciki ne ba?"

"Yaya, bari in mayar da abin da..."

"Kada ki taɓa komai. Haka yake ranar da na saye shi." Ya dafa kaina. "Hannun Baba gare ki. Allah ya yi miki albarka."

Ya ɗaure murfin da kansa, ya share gutsattsarin danƙon daga tawul ɗinsa, ya naɗe Shalele. Ya ce bari ya yi sauri, yau manajan da kansa zai zauna a gwaji, yana so ya ji abin da ake biyansa dominsa. A bakin ƙofa ya juyo, ya kafa ido a kan bakina.

"Ke ma kin ji shi, ko?"

"Na ji, Yaya."

Ya fita. Na bi shi har bakin titi ina kiransa, bai waiwayo ba.