Ƙuri'ar Kaka a Kan Marka

Shekara biyu ke nan ina auna ruwan sama, tun da na gama sakandare. Akwai gwangwani mai layi-layi da munka kafa a tsakar gidan Kaka a Lahodu. In an yi ruwa in duba inda ya tsaya, in ɗauki hoto, in tura. Da rani kuma farashin albasa nake turawa daga kasuwar Wurno. Ladan kowane hoto wani kuɗin intanet ne, kwayin kirifto mai suna Marka. Ba shi da shugaba. Masu riƙe da shi ke yanke komai da ƙuri'a, kuma nauyin ƙuri'ar mutum gwargwadon abin da ke walet ɗinsa, wato asusunsa na cikin waya.

Wa'adin ladan ya zo ƙarshe. An sa ƙuri'a: a ƙara wata shida, ko a tsaya.

Baba ya riga ya faɗi tasa. In an tsaya, in bi motar albasar Alhaji Iliyasu zuwa Ibadan in riƙa lodi. Ba na son tafiya.

Ranar kasuwar Goronyo na iske abokina Abdulƙadiri a rumfar caji.

"Ka jefa?" ya ce.

"Tukuna."

"A'a za ka danna in kana da hankali. Kullum ana buga sabon Marka ana raba muku, darajar namu na zubewa. Kamar ranar da kowa yak kawo albasa kasuwa."

"In an bar biya, wa ka auna ruwan? Kai?"

"Ni ina da aikin yi, malam." Ya yi dariya. "Kai da ƙuri'arka ko ƙuda ba ta kora. Duk Juma'a ka saida, ka sayi data da tsire."

Gaskiya ya faɗa. Walet ɗina fayau yake.

Amma akwai na Kaka. Da yake gwangwanin a gidanta yake, rabin ladan ruwa nata ne, a walet ɗin da na buɗe mata. Ba ta taɓa yarda a sayar ba. "A aje," shi ke nan maganarta. Yanzu nata ya fi na Abdulƙadiri nauyi, ga ƙuri'u sun yi kunnen doki. Walet ɗin a wayata yake. Ba ta karatu. Da na danna, ba mai sani.

Tun daga Goronyo har gida yatsana na kan wayar cikin aljihu.

Na same ta bayan la'asar tana tsintar wake a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata bayani a taƙaice.

"To ni mi nawa ciki?"

"Ƙuri'arki ce, Kaka."

"Ikon Allah. Ko ta gwamna ban jefa ba." Ta hure ƙaiƙayi. "In an ƙara, mi ka faruwa da kai?"

"In zauna."

"In ba a ƙara ba?"

"Ibadan."

Ta mai da kai ga faifai. Tana tsintar tsakuwa tana jefarwa.

"Miji na, kana jirana ne in mutu ka gaji gwangwani?"

Ban yi dariya ba.

"Shekara biyu kana leƙen sama kana leƙen waya," ta ce. "Ruwa ko ba ka auna ba shina zuwa. Ka tahi ka ga gari. Danna wadda ka tahi da kai."

"Kaka, wata shida ne kawai."

"Ka tambaye ni, na ce. In taka za ka yi, da ba ka zo ba."

Na ciro wayar. Na fara jefa tawa, e, ko motsi lissafin bai yi ba. Sannan na buɗe nata. Na juya mata fuskar wayar duk da na san ba ta gane komai, na danna a'a.

"Ta shiga?"

"Ta shiga."

"To miƙo min ƙwaryar can."

Na miƙa mata. Daga nan na nufi garejin Alhaji Iliyasu in ji ranar da mota za ta tashi.