Hatsin Aro

Ku yi mini afuwa tun kafin na fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, kuma akwai manya a garinmu da suka fi ni sanin yadda abin nan ya faru. Sai dai su ba za su faɗa ba. In na yi tuntuɓe a wani wuri, a yi haƙuri, hannun ɗan koyo ne.

Sunana Zulaihatu. Ƙauyenmu Gidan Kanya yana ƙasar Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona, gida ke jin tarin gida. In aka soya albasa a madafinmu, matan gidan Sabo sun sani. A shekarar da kwanon gero ya fi ƙarfin talaka, sai mutane suka daina tambayar juna me aka ci, aka koma tambayar ko an ci. Mata suka koyi shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin turmi don kada a ji daka. Dalili kuwa, a wajenmu duk wanda aka san yana da buhu, to buhun ba nasa ba ne, na dangi ne. Ƙanwa za ta zo da ƙwarya, suruki zai aiko, kuma ba a cewa babu alhali an san akwai. Saboda haka kowa ya ce rumbunsa ya ƙare. Kowa kuma ya yi kamar ya yarda.

Mahaifina, Malam Muntaka, a shekarar ya fara awo a zaure. Yakan hau keke ya tafi kasuwar Dawanau ya ɗauro rabin buhu, ya zo ya riƙa sayarwa gwangwani-gwangwani. Wata ranar kasuwa sai ga ƙaninsa, Baffa Sama'ilu, ya shigo yana kaɗa waya.

"Yaya, gwamnati za ta ba masu ƙananan sana'o'i jari. Kyauta, ba rance ba. Wai a farfaɗo da kasuwanci. Amma sai wanda ya riga ya fara, kuma za su zo su gani da idonsu, su ɗauki hoto."

Baba ya ce, "To ai na fara."

Baffa ya dubi ɗan tsibin geron da ke kan tabarma. "Wannan? Haba Yaya. Wannan ai ko kaza ce ta gani sai ta yi maka jaje."

Daga tsakar gida Inna Hure, mahaifiyata, ta ɗaga murya ta ce, "Kazar ma ai an sayar da ita, Sama'ilu."

Aka yi dariya. Ina jin ita ce dariya ta ƙarshe da aka yi da zuciya ɗaya a gidanmu.

A wajenmu aro ba abin kunya ba ne. Ana aron babbar riga a je ɗaurin aure, ana aron jaki, ana aron tukunya ranar suna. Don haka da Baffa ya ce a ari hatsi a cika zaure na yini ɗaya, ba wanda ya ji kamar ƙarya za a yi. Baba ya bi mutum uku da ya tabbata suna da ɓoyayye: Sabo maƙwabcinmu, da Mati abokinsa tun na makarantar allo, da Alhaji Madu, wanda kakanninsa suka zo daga Barno amma shi a nan aka yanke masa cibiya. Duka ukun suka yarda, kuma duka ukun magana ɗaya suka yi.

Na ji ta Mati da kunnena, don ni na kai musu ruwa. Ya riƙe hannun Baba ya ce, "Amana, Muntaka. Na riga na rantse wa yayana cewa ko na kunu ba ni da shi. In wannan ta fita, ni da shi har kabari."

Baba ya ce, "Amana, Mati. Daga bakina ba za a ji ba."

Lokacin bazara ne, kowa na kai taki gona, don haka ba wanda ya kula da amalanken da ta riƙa tsayawa a ƙofarmu ta baya da kara a lulluɓe. Buhunan aron ba su cika ko layin gaba ba. Sai Baffa ya samo tsofaffin buhuna aka ɗura musu ƙaiƙayi da yashi, ni da Inna muka ɗinke bakinsu, aka jibge su a baya har suka kusa taɓa azara. Na gaban aka buɗe musu baki: gero, dawa, farin wake.

Masu tallafin suka zo da hantsi cikin farar mota, mace ɗaya da maza biyu. Matar ta cusa hannu cikin geron Sabo ta ce masha Allah. Mai ɗaukar hoto ya tsayar da Baba a tsakiya da kwanon awo a hannu.

"Malam, ɗan murmusa mana. Arziki ne ya zo, ba sammaci ba."

Baba ya murmusa. Ko ruwan da na kawo ba su sha ba suka tafi. Kafin la'asar kowane buhu ya koma wajen mai shi ta hanyar da ya zo, ƙaiƙayin kuma aka zubar a bayan gida.

Muka shiga jira. Baffa kullum sai ya duba waya ya ce saƙon banki bai shigo ba tukuna, amma an ce sunan Yaya ya fito.

Ba suna kaɗai ya fito ba. Wata safiya masu zuwa kasuwa suka dawo da labarin an kafa wani babban allo a mararraba, inda ake hawa motar Kano. Baba ne a jiki, girmansa ya fi na mutum biyu, yana murmushi, buhuna a bayansa har sama. A ƙasa an rubuta sunansa da sunan garinmu, wai yana cikin waɗanda suka amfana. Kafin azahar hoton ya shiga kowace waya a Gidan Kanya.

Da aka nuna wa Inna, sai ta juya ta dubi rumbunmu da ke kusurwar gida. Abin da ke ciki kowa a gidan ya sani: irin gero da na gyaɗa da Baba ya ware tun kaka ya hana a taɓa ko da an kwana da yunwa, sai ɗan abin da zai kai mu faɗuwar damina in an yi tsimi. In wannan ya tafi, gonarmu ba za ta ga shuka ba.

Da farko ba wanda ya ce uffan. Gaisuwa ce ta gajarce. Masu zama a tabarmar Baba bayan la'asar suka koma gindin ɗorawar bakin masallaci. Mai sayen gwangwani ɗaya zai shigo zaure, maimakon ya dubi geron da ake auna masa sai ya riƙa kallon bango, yana kallon ƙofar shiga gida. A rediyo kuma kullum maganar masu ɓoye hatsi ake yi, da labarin inda aka fasa ɗakunan ajiya. Wata safiya na fita zubar da shara na tarar an yi rami a katangarmu ta baya, daidai faɗin ido. Na toshe da laka. Washegari an yi wani a gefensa.

Sai Gwaggo Asiya ta zo, yayar Baba, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Tun da azumi ta zo neman hatsi, Baba ya ba ta abin da ya samu ya ce wallahi iyakarsa ke nan. Yau ko sallama ba ta ƙarasa ba ta dire ƙwarya a gabansa.

"Ba roƙo na zo ba, Muntaka. Zuwa na yi na ga fuskar da ta yi mini wallahi."

"Yaya Asiya, zauna ki ji."

"Na zauna a ina? A kan buhu? Ai ka ɓoye su."

"Ba nawa ba ne."

"Na wa ne?"

Baba ya jawo kwanon awo ya kife.

"Na aljanu ne ke nan," in ji ta. "To su aljanun ka gaya musu 'yata Fadima tafasa take ci ba ƙuli, kwana da kwanaki." Ta ɗauki ƙwaryarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce wa Inna, "Ke kuma Hure, shi ya sa ba a jin dakanki."

Da ta fita Inna ta ce, "Malam, ka faɗa kawai. Su ukun nan su fito su yi magana."

"Na je wajen Sabo, an ce ba ya nan, alhali ga takalminsa a ƙofa. Alhaji Madu ya ce na ƙara haƙuri, ƙura ce za ta kwanta."

"Mati fa?"

"Mati kuka ya yi mini."

Baffa Sama'ilu shi kuma tasa damuwar daban. Ya ce, "Yaya, ko ƙaiƙayin nan kada ka ambata. In ta kai kunnen mutanen ofis, jarin ya tafi, ƙila ma a zo da 'yan sanda."

Inna ta ce, "Jarin da ba mu gani ba? Sama'ilu, kai dai Allah ya shirye ka da wayar nan taka."

Ranar Juma'a bayan an sauko, mai unguwa ya aiko a kira Baba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, irin wanda ke sa manomi ya fito da irinsa ya duba. Inna ta miƙo mini buta ta ce na yi kamar ruwa zan ɗebo a rijiyar masallaci, na jiyo mata. Na laɓe a bayan dangar kara, ta inda nake iya ganin ƙofar mai unguwa.

Ban taɓa ganin taro irin wannan ba in ba jana'iza ba. Dattawa a kan tabarmi, samari a tsaye a baya, wasu da sanduna, wai daga gona suke. Sabo da Mati da Alhaji Madu duk suna sahun gaba. Baba ya durƙusa a tsakiya.

Mai unguwa ya ce, "Malam Muntaka, ba mu kira ka don tozarci ba. Mutane na cikin wani hali, kuma sun ga abin da suka gani. Ina hatsin?"

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, na bayan nan duk ƙaiƙayi ne da yashi. Don hoto aka yi."

Baffa ya dafe kai. Wasu suka yi dariya, amma ba mai daɗi ba. Wani saurayi daga baya ya ɗaga waya sama.

"Na gaban fa, Baba Muntaka? Bakinsu a buɗe yake. Yaushe yashi ya fara kama da farin wake?"

"A bari manya su yi magana," in ji mai unguwa. Ya juyo. "To ka ji. Na gaban fa? In na wani ne, faɗi sunansa, ka fita."

Na ga Baba ya ɗaga kai. Ya dubi Sabo, Sabo yana kakkaɓe wani abu daga gwiwar wandonsa. Ya dubi Alhaji Madu, carbi yake ja idonsa a rufe. Mati kuwa ya dube shi ido cikin ido, ga yayansa zaune a gefensa kafaɗa da kafaɗa. Ni dai addu'a nake yi a raina, ko mutum ɗaya ya yi tari.

Baba ya ce, "Nawa ne."

Wurin ya ɗauki guna-guni kamar an taɓa gidan zuma.

Mai unguwa ya ɗaga hannu. "To alhamdu lillahi, gaskiya ta fito. Gobe da hantsi za ka fito da shi a auna wa mutanen gari da rangwame. Ba ƙwace za a yi maka ba."

"Gobe?" in ji saurayin nan. "Kafin gobe ai ya kai Dawanau. Zauren dai mun leƙa, ba komai. Saura rumbu."

"Ku zauna!" in ji mai unguwa.

Ba wanda ya zauna. Na bayan suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya, ba gudu ba, ba hayaniya, suka nufi lungun da ke zuwa ƙofar gidanmu. Baba ya yunƙura zai tashi, wani dattijo ya riƙe masa riga yana cewa ya bari kada a ji masa ciwo. Iska ta taso, ɗigon farko ya faɗo mini a hannu.

Ta cikin gonar Sabo akwai 'yar hanya da ke ɓullewa ƙofarmu ta baya, ta fi lungun kusa. Na san Inna ba za ta iya ɗaga buhun iri ita kaɗai ba. Na ajiye butar a gindin danga a hankali don kada ta yi ƙara, na tattare zanena, na sulale ta bayan masallaci tun hankalin kowa yana kan lungu.