Gemun Dalhatu Direba

Tun Dalhatu yana saurayi gashin kansa ya yi masa sallama, bai kuma waiwayo ba. Abin da aka hana shi a sama sai aka mayar masa a ƙasa: gemu cikakke mai ratsin furfura, wanda yake shafa wa turare duk Juma'a. Shi ke tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya ta wani ƙaramin asibiti a ƙasar Rogo, kuma in ban da goro da shayi babu abin da ya taɓa ƙara masa ƙarfi.

Bayan wani direba ya kifar da mota da mai naƙuda a ciki, sai umarni ya zo a gwada direbobin asibitoci. Ba fitsari ba wannan karon, gashi. Wai shi gashi ba ya mantuwa, ƙwayar da mutum ya haɗiya watannin baya tana nan kwance a cikinsa. Wanzaman Rogo da Karaye suka sha aiki. Ranar gwaji direbobi suka hallara, kawuna na sheƙi kamar an kife ƙore a shanya.

Mai gwajin, wani matashi Ikrama da aka turo daga Kano, ya dubi kawunan ya ce duk wanda ya zo tal-kwabo gudun gwaji ya yi, a karɓe makullinsa sai gashi ya tsiro.

Dalhatu ya cire hula. "Yaro, duba da kyau. Wannan ya yi maka kama da aikin wanzami?"

"Baba, ni dai ban ga gashi ba."

"Ni ma ban gan shi ba, tun kafin a yaye ka. In tsirowarsa za a jira, sai dai ku kai min makullin makabarta."

Malam Lado, shugaban asibitinsu, ya matso yana murza hannu. "A yi haƙuri, Malam Dalhatu, doka ce. Sulle zai riƙe motar kafin nan."

Sulle ƙanin matar Malam Lado ne. Yana can jingine da motar, har ya fara kaɗa makulli a yatsa, suma a kansa himili guda. Dalhatu ya sha ganinsa a tasha yana kora ƙwayoyi da lemon kwalba, kuma kowa ya san yadda ya shiga rumfar mai tsire da babur.

"Ranka ya daɗe, ga gashi can a kan Sulle, ya ishi gwajin gari guda," in ji Dalhatu.

"Sulle ba ma'aikaci ba ne, taimako yake yi. Ma'aikata aka ce."

Dalhatu ya dubi motar. 'Yarsa Jamilatu tana aure a Fulatan, cikinta ya tsufa, an kuma ce saboda hawan jini sai a babban asibiti za ta haihu. Ga damina ta cinye hanya. Motar nan ce za ta ɗauko ta.

"Babu wani wajen da ake ɗiba?" ya tambayi Ikrama.

"Akwai hammata."

"Ni Musulmi ne, yaro. Me zan ajiye a hammata?"

Idon Ikrama ya sauka a kan gemun, ya tsaya. "Nan ma ana ɗiba, Baba. Daga tushe, kaurin fensir."

Mahaifin Dalhatu ya koya masa ko gashin aski ba a bar wa iska, tona rami ake a binne. Yanzu ga shi za a zuba gemunsa a ambulan, a rubuta sunansa ɓaro-ɓaro, a miƙa wa mutanen da bai san iyayensu ba. Ya dubi Sulle, ya ja kujera ya zauna.

Ikrama ya ɗaga masa haɓa. "Bari in ɗiba ta ƙasa, ba wanda zai lura."

"A'a. Nan gaba, tsakiya."

"Baba, zai yi muni."

"Shi nake so."

Almakashi ya yi ƙaras. Gemun ya koma kamar gonar da akuya ta shiga. Dalhatu ya tashi, ya je ya zare makullin daga yatsan Sulle.

Malam Lado ya biyo shi yana sassauta murya. "In ka biya wajen wanzami zai daidaita maka shi."

"Haka zai zauna, ranka ya daɗe. Da shi zan je masallaci, da shi zan je kasuwa. Duk wanda ya tambaye ni zan ba shi labari daga farko, har da sunaye. Ranar da sumar can ta shiga ambulan, ranar zan ga wanzami."

Da naƙudar ta zo, shi ya je Fulatan, yana lallaɓa motar cikin taɓo kamar mai ɗauke da ƙwai. Jamilatu tana kwance a baya tana cije leɓe, sai ta hango fuskarsa a madubi.

"Baba, me ya ci maka gemu?"

"Riƙe ƙarfen nan da kyau, akwai rami a gaba," in ji shi. "Ke dai ki sauka lafiya. Labarin da tsawo, kuma ba na gajiya da shi."