Takardar Mutuwar Dalhatu

Ƙasar su Malam Arzika ƙarama ce, ofisoshin jakadancinta a duniya kaf guda bakwai ne. Na Saudiyya yana Jidda, inda duk jakadu suke a lokacin, kuma jakadan nan ɗaya shi ne na Kuwait, shi ne na Yaman, har da wata ƙasa da bai taɓa taka ta ba. Riyad kuwa sai aka ba ta Arzika, da ɗaki guda a saman shagon wani tela a unguwar Al-Ud, da tebur, da fanka, da tuta, da hatimi. In ya kulle ƙofa ya tafi masallaci, to ƙasar ta tashi daga Riyad ke nan sai ya dawo.

A 1977 garin ya zama filin gini, ko ina ka juya siminti ne da rodi, mutanen gida kuwa sai kwararowa suke yi. Wata Talata da hantsi wani dogon mutum ya hawo bene, ya yi sallama, ya ajiye takarda a tebur. Daga wani kamfanin gini take. Ta ce leburansu mai suna Dalhatu Maiwada ya faɗo daga hawa na huɗu ya rasu, gawarsa tana firjin asibiti, ana jiran takardar ofishin ƙasarsa kafin a binne shi.

"Allah ya jiƙansa," in ji Arzika, yana janyo littafi. "Mene ne haɗinka da mamacin?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kai ne wa?"

"Dalhatun."

Arzika ya dube shi sama da ƙasa, ya mayar da alƙalami aljihu, ya ce ya zauna.

Ashe ƙanen Dalhatu ne ya mutu, Basiru. Ya zo aikin hajji bara ya ƙi komawa, ba iƙama, wato katin izinin zama, ba kafilin da ya tsaya masa, yana kwana a ɗakin wansa a unguwar Utaiƙa. Ranar da zazzaɓi ya kayar da Dalhatu, Basiru ya ɗauki katinsa ya tafi yi masa aiki don kada a kore shi. Shugaban leburori kuwa ba fuska yake kallo ba, kati yake kallo. Yau kwana shida ke nan yaron yana kwance cikin sanyi.

Ran Arzika ya ɓaci. "Haba, Malam Dalhatu! Iƙama riga ce da za ka ara wa ƙanenka? Ku mutanenmu wallahi sai kun ga bayana!" Ya yi ta faɗa har ya gaji, mutumin bai ɗago kai ba. Daga nan ya sauke murya ya shimfiɗa masa maganar. In aka faɗi gaskiya, 'yan sanda za su buɗe bincike, kuma binciken mutumin da ba shi da takarda ba ya ƙarewa da wuri, Basiru na iya yin wata shida a firji. In aka bar takardar yadda take, yau ɗin nan za a binne shi bayan azahar, amma Dalhatu ya mutu a wajen hukuma, iƙamarsa ma ta bi shi.

"A binne shi," in ji Dalhatu.

"Dakata, ban gama ba. Kana da iyali?"

"Turai. Tana wajen Inna a gida."

To nan gizo ke saƙar, don takardar mutuwa a ofishin nan uku ake bugawa, kowace da lamba. Ɗaya ta asibiti, ɗaya ta Jidda, ta ukun ta shiga jakar ofishi ta tafi gida, a miƙa wa mai gari, mai gari ya tara mutane ya karanta. Jidda ba ta lura da komai a duniya sai lambar da ta yi tsalle, don haka ba damar ɓoye ta ukun. Ke nan Turai za ta shiga takaba mijinta na raye, bayan wata huɗu da kwana goma kuma manema su fara sallama.

"Sai in rubuta mata wasiƙa."

"Wasiƙa kowa na iya rubutawa. Tawa tana da hatimi. Kai in kai ne mai gari, wacce za ka gaskata?"

Dalhatu ya ce, "Sanyi ba ya yi masa daɗi, tun yana yaro. A binne shi."

Arzika ya buga takardu uku, ya danna hatimi sau uku. A wurin sa hannun ɗan'uwan mamaci Dalhatu ya dangwala yatsa, Arzika ya rubuta "Basiru" a ƙasa. Shekara goma sha ɗaya yana aikin gwamnati bai taɓa rubuta ƙarya ba, yau ga ta da kyakkyawan rubutu.

Bayan azahar aka yi wa gawa sallah aka kai ta maƙabartar Al-Ud. Mutum tara suka raka, har da telan ƙasan bene. Wasu suka yi wa Dalhatu ta'aziyyar Dalhatu, ya amsa da amin.

Da suka dawo Arzika ya aro rakodar telan, ya cire kaset ɗin da ke ciki ya sa sabo. "Murya dai ba a aronta," ya ce. "Zan ɗaure shi da takardar, in rubuta a kai cewa a saurara kafin a karanta. Ka faɗa musu kana raye, ka faɗa wa Inna wanda ya mutu. A taƙaice, don Allah."

Ya danna maɓalli.

Dalhatu ya gyara zama, ya yi sallama. Ya gaishe da mai gari da fadawansa. Ya gaishe da liman, da na'ibi, da ladan. Ya gaishe da Inna, ya tambayi ciwon gwiwarta, ya tambayi damina, ya tambaya ko an gyara rufin rumbu. Ya gaishe da Turai ba tare da ya kama sunanta ba, ya ce da ita lafiyarsa lau, ga muryarsa nan, kada ta yarda da takarda. Arzika ya gyaɗa kai, ya yi masa alama da hannu ya ci gaba zuwa ga maganar.

Ya gaishe da Baba Idrisu. Ya gaishe da Gwaggo Hansai da 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Ya tsallaka katanga ya gaishe da maƙwabta, ya bi unguwa gida-gida har bakin rijiya, ya gaishe da mutanen da Arzika ya tabbata ba sa ga maciji da shi. Muryarsa ba ta rawa, hawaye ne kawai ke sauka a gemunsa. Arzika ya buɗe baki zai tsawatar, sai tausayi ya kama shi, ya juya yana gyara tutar da ba ta karkace ba.

Rakoda ta yi ƙarar ƙas, fuskar farko ta cika.

Arzika ya ciro kaset, ya juya shi, ya mayar. Ya ɗora yatsa a maɓalli bai danna ba.

"Ɗan'uwa, mutanen garin sun ƙare," ya ce a hankali. "Saura Inna."

Dalhatu ya share fuska da hannun riga, ya matso da bakinsa kusa da rakodar. Arzika ya danna.

"Inna," in ji shi, "in kina tsaye, ki zauna."