Wayar Mangwaro

Ni na fara ganin tsagar nan, kowa ya ji da kyau. Tun tana siririya kamar zare, daidai inda mangwaron ya rabu gida biyu, na nuna ta da sandata, aka ce idon tsufa ne. Ban taɓa zama a aji ba, amma sau uku kwale-kwale ya kife da ni na fito da ƙafata.

Mangwaron na taubashina ne, wanda ake ce wa Mai Waya, don shekara talatin ya yi yana hawa turakun lantarki. Tun da ya ajiye aiki, inuwar nan ce duniyarsa. In ya kishingiɗa a kujerar katako, rana na ɗigowa ta cikin ganye kamar ana tace ta, sai ya ji shi can sama, iska na lilo da shi, gari ya koma ɗan mitsitsi. Shi ba barci ba, ba ido biyu ba.

To, akwai wani reshe da ya miƙe ya wuce ƙarfinsa, ya yi rumfa bisa ɗakin 'yarsa, ma'aikaciyar jinya. Ranar da tsagar ta isa shigar hannu, ta tsaya masa a kai da jaka a kafaɗa.

"Baba, ran Asabar mai zarto zai zo. Ba ni kwantar da jaririya ƙarƙashin wannan abu."

"Haba uwata, bar ni da shi zuwa ranar."

Ya jawo tsohuwar waya daga ƙarƙashin gado, ya hau mangwaron. Ya ɗaure reshen da uwar bishiyar, ya ja, ya ƙara ja, yadda hannunsa ya saba, har in ka taɓa wayar sai ta yi amo. Ya sauko yana taƙama.

Ran Laraba da yamma iska ta taso. Reshen ya so ya rausaya, waya ta ce ba ta san zancen ba. Ta nutse cikin ɓawo, ƙaro ya tsattsafo, tsagar ta yi wani irin nishi.

Na leƙo ta katanga na ce, "Kai tsohon biri, turke ka samu? Mu a bakin kogi, wanda ya ɗaure jirgi tamau, da safe guntun igiya yake tararwa."

"Rufe min baki, sarkin nutsewa," in ji shi. Amma bai yi dariya ba.

Ya koma kujerarsa ya zuba wa sama ido. Ya daɗe. Rassan da bai ɗaure ba suna tafiya su dawo, su tafi su dawo, a hankali, kamar ƙirjin mai barci. Shekara talatin yana ɗaure abin da ba ya numfashi.

Washegari ya sake hawa. Ya matsar da wayar can sama, nesa da tsagar, ya yi mata matashi da yankin tsohuwar taya, sannan ya sassauta ta taƙi guda, har ta ɗan yi ciki.

Asabar mai zarto ya iso tare da hadari. Kafin ya tayar da injinsa iska ta kaɗo. Suka tsaya cirko-cirko. Reshen ya sunkuyo, ya sunkuyo, har ganyensa ya shafi kwano, sai wayar ta miƙe ta tare shi cikin lallashi, ta mayar da shi. Tsagar ko motsi.

'Yar ta daɗe tana kallo, jaririya a kafaɗa.

"Rage wa reshen baki kawai, ka bar sauran," ta ce wa mai zarto. "Kai kuma Baba, na ƙara ganin ka a sama, ƙafarka zan ɗaure."

Wanda ke ganin shaci-faɗi nake, ya zo ranar iska ya kwanta ƙarƙashin reshen nan tare da ni, mu ga wanda zai fara tashi.