Hasken Cikin Sauro

Afra'u ta daɗe tana farke cikin sauro kafin Salwa ta zo Yawunde. Aikin digirinta na biyu ke nan a wani ƙaramin labo, wato ɗakin bincike, da ke bayan unguwar Cité Verte. Takan shayar da sauro jini mai ƙwayar zazzaɓi, wasu da magani a ciki, wasu babu, sannan ta zaro hanjinsu da allura biyu, ta shafa musu rinin da ke sa ƙwayoyin cutar su yi haske kore. Idonta ya sha wahala har sai da ta koma sa gilashi.

Salwa 'yar ƙanin babanta ce, haihuwar Abakwa a Bamenda. Da rikicin yankin masu Turanci ya tsananta, makarantu suka rufe, aka ƙone layin shagunan da mahaifinta yake ɗinki, sai aka turo ta unguwar Briqueterie a Yawunde, gidan Malam Idris mai kilishi, mahaifin Afra'u. Ta iso da jaka ɗaya da karatun kwamfuta da bai ƙare ba. Afra'u ce ta raba mata katifa, ta koya mata yadda ake faɗa wa mai taksi unguwa da Faransanci. Ita ce kuma ta ce, "Taso mu je labo, zaman gidan nan zai sa ki ciwo."

A lokacin ne hotunan hanjin sauron suka dawo. Labon ba shi da babban madubin ƙara girma da ake buƙata, sai a aika samfurin waje, a dawo da hotuna a faifai. Kowane hanji ba hoto ɗaya ba ne, yanka-yanka ne siraran gaske daga sama har ƙasa, kamar yadda ake feɗe nama don kilishi, in an jera su sai hanjin ya fito da tsawo da faɗi da kauri. Amma tsohuwar kwamfutar labon da an buɗe ɗaya sai ta sandare. Wanda ya buɗe ma baƙi ƙirin yake fitowa.

Salwa ta ja kujera. Bayanin manhajar duk da Turanci yake, ita kuwa da shi ta tashi. Ta yanke gefunan da babu komai sai duhu, ta zubar da yankan sama da na ƙasa da ba su taɓa hanjin ba, nauyin ya ragu, kwamfutar ta numfasa. Sannan ta ja hasken sama. Ƙwayoyin suka fito kore shar, dunƙule-dunƙule a jikin hanjin, tana juya shi da yatsa ɗaya.

Dakta Mohaman, shugaban labon, ɗan Garwa ne da ba ya yawan yabo. Ya tsaya a bayanta ya cire gilashinsa ya ce, "Magnifique! Wace ce wannan?"

"Ƙanwata ce, Dakta," in ji Afra'u. Bai juyo ba.

Daga ranar komai ya zama "hotunan Salwa". Masu aiki a ɗakin gaba suna leƙowa su gani. A gida ma Inna Altine, mahaifiyar Afra'u, ta riƙa ce wa maƙwabta, "'Yar Bamenda ce ta gyara musu na'urar da ta gagare su." Malam Idris, wanda bai taɓa tambayar Afra'u abin da take yi da sauro ba, ya sa Salwa ta nuna masa a waya, yana ta salati. Afra'u tana gefe tana tsince shinkafa. Ta san yarinyar ta rasa gida, ta san ya kamata ta taya ta murna. Sanin bai rage mata komai ba.

Ana saura 'yan kwanaki taron labo, inda Salwa za ta nuna hotunan gaban kowa, Afra'u ta lura da wani abu. Hanjin sauron da ya sha magani da na wanda bai sha ba haskensu ɗaya. Ba zai yiwu ba. Ita ta duba su da idonta tun kafin a aika, masu maganin dishi-dishi suke. Ta tsaya ta kalli hannun Salwa, sai ta gane. Kowane hoto Salwa ta buɗe, sai ta danna maɓallin da ke daidaita haske da kansa. Mai rauni a ɗaga shi, mai ƙarfi a sauke shi, duka su zo kai ɗaya. Sun yi kyau, amma ba za a iya gwada wani da wani ba.

"Yaya, kin ga wani abu ne?" Salwa ta tambaya.

"A'a. Ci gaba."

Ta riƙe maganar a ciki. A taksi suna matse da juna ta riƙe ta, a kan tabarma suna cin tuwo kwano ɗaya ta riƙe ta, har tana shirya yadda za ta faɗe ta.

Ranar taron Salwa ta tsaya gaban allo, Faransancinta yana tuntuɓe, tana cikawa da Turanci. Da ta gama Dakta Mohaman ya ce, "To, ga alama maganin bai yi komai ba. Dommage, abin takaici."

Afra'u ta ɗaga hannu. "Dakta, ba maganin ba ne. Ma'aunin hasken ne ba ɗaya ba. An ja kowane hoto daban. Wanda ya san samfurin ba zai yi wannan kuskuren ba."

Salwa ta kalli allon, ta kalli Afra'u. Afra'u ta ji wani sanyi mai daɗi ya sauka a ƙirjinta.

"Gaskiya ne," Salwa ta ce a hankali. "Dakta, a ba ni dama yanzu."

Ta zauna a gabansu. Ta ɗauki iyakar haske ta ƙasa da ta sama daga sauron da bai sha magani ba, ta ɗora wa sauran duka, ta jera su gefe da gefe. Na hagu suna ƙyalli. Na dama sun dusashe, ƙwayoyin sun ƙanƙance kamar ba su.

Dakta Mohaman ya miƙe tsaye. "Maganin yana aiki! Ku duba!" Aka hau tafi. Ya juya ga Salwa. "Kuskure a gaban jama'a, gyara a gaban jama'a, ba gardama. Haka ake so. Akwai taron masana a Duwala wata mai zuwa, ke za ki nuna wannan." Sai ya tuna. "Merci, Afra'u. Idonki da kyau."

A hanyar gida sun sauka a bakin kwalta suka shiga lungu, hayaƙin masu suya yana bin su. Salwa ta kamo hannunta. "Yaya, kin cece ni. Da an kai shi Duwala a haka fa?" Afra'u ta leƙa fuskarta tana neman ko da ɗigon zargi, wanda za ta kama ta yi faɗa. Babu. Da suka shiga gida Salwa ta ba kowa labari yadda ya faru, ba ta rage kuskurenta ba. Malam Idris ya ce, "Kun ji yarinya mai tawali'u. Allah ya yi miki albarka."

Ana gobe tafiya Duwala, Salwa ta tsaya a ƙofar ɗaki tana murza yatsu. "Yaya, ki ara mini mayafi. Nawa duk sun koɗe."

Afra'u ta buɗe akwati. Ta ɗago shuɗin nan mai aikin zare a baki, wanda ta saya ta ajiye don ranar da za ta tsaya gaban masana. Ta riƙe shi jim, ta mayar ƙasa, ta zaro wani ruwan ƙasa da ba ta taɓa so ba.

Salwa ta yafa, ta juya gaban madubi tana godiya. Ya yi mata kyau ƙwarai.