Wuyan Riga Ɗari Biyar

Su biyu ne a ɗakin, uwa da 'yarta mai shekara tara. Uwar tela ce a wani kamfanin ɗinka rigunan makaranta, kuma ita ce gwanar haɗa wuyan riga. Abinci ba su rasa ba. Lafiyar baya ce babu, don awa goma uwar take yi kullum a kan benci marar majingina, ta dawo a tanƙware kamar lauje. Kowace yamma sai ta kwanta rubda ciki a tabarma, yarinyar ta dafa bango ta tattaka mata baya.

Wata rana uwar ta dawo rana na tsaka, tana huci.

"Wai don na ce mu riƙa tashi muna miƙe jiki na minti goma! Mai kamfanin ya ce nan ba filin ƙwallo ba ne, in kama gabana. Shi da yake juyi a kujera mai laushi kamar ta mai aski!"

Bayan mako uku sai ga mai kamfanin ya yi sallama. Yarinyar tana kan bayan uwar, ta yi niyyar sauka.

"Ci gaba, 'yar nan," in ji uwar. "Bari ya ga aikin da ya ɗora miki."

Mutumin ya tsaya a bakin ƙofa yana murza makullin mota. "Malama, abin da ya wuce ya wuce. Makaranta ta dawo mana da riga ɗari biyar, duk wuyan a karkace. Teloli huɗu kuma suna gida kwance."

"Me ya kwantar da su, yallaɓai? Ƙwallo?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ɗora:

"Keken ɗinki kullum sai an zuba masa mai. In ya yi zafi, kai da bakinka kake cewa a bar shi ya huce. Mu kuwa da ƙarfe aka ƙera mu? Shekara bakwai ina duƙe maka, ko sannu!" Yarinyar ta ji muryar tana karkarwa har a tafin ƙafarta. "Kujera mai majingina, da minti goma safe da yamma. Kowa da kowa, har mai guga."

"Haba Malama, minti biyar dai."

"To je ka haɗa wuyan da kanka."

Ya dubi ƙafafun yarinyar, ya dubi makullinsa. "Goman."

Ran Litinin uwar ta koma. Kafin wata ya cika telolin nan huɗu sun dawo, riga ba ta ƙara dawowa ba, tattaka baya kuma ya koma sau ɗaya a mako. Maƙwabta suka yi ta yabon mai kamfanin, wai mutumin kirki ne. Uwar ta ja tsaki.

Yarinyar kuwa ta gane. Ba tausayin Mama ne ya kawo shi ƙofarsu ba, rigunansa ne suka kawo shi, don muddin bayan tela yana ciwo, wuyan riga ba zai miƙe ba.